Ranar da Na Ce 'Yata Ce

Na san kuna jin sunan da ake kirana da shi a kara ran kasuwa: Haro Mai Goyo. Rabin masu kiran ba a haife su ba lokacin da abin ya faru, daga bakin iyayensu suka tsince shi. Ban taɓa tsayawa na yi wa kowa bayani ba, kuma ba zan fara yanzu ba. Amma ku 'ya'yana ne, na kuma lura ɗayanku ya fara sunkuyar da kai in an faɗa a gabansa, kamar ubansa sata ya yi. Wannan ne ya sa na zauna rubutu. Karatuna aji huɗu ne a makarantar 'ya'yan makiyaya, kafin iska ta kwashe kwanon rufin, malamin ya daina zuwa. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri da shi, maganar dai a miƙe take.

Rugarmu tana tsakanin Malumfashi da Funtua, can ciki, inda in ka bar kwalta sai ka yi ta bin hanyar shanu har ka ƙosa. Kakanmu ya kafa ta, kuma tun zamaninsa muka daina yawo. Muna da garke, muna noma masara da dawa da 'yar auduga. Fulatanci ya riga ya zube daga bakinmu, sai dai tsofaffi in za su kira saniya ko su zagi yaro. Abin da bai zube ba shi ne fulako. Mahaifina, Baffa, shi ne babba a rugar, kuma a wurinsa gara a ce ɗansa ya ɓatar da bijimi da a ce ba shi da kunya. Ku da kuka tashi a gefen gari ba ku san nauyin kunyar ɗan fari ba, kun ɗauka ɗan kawar da kai ne da murmushi. A wurinmu ba haka ba ne. Ɗan fari ba naka ba ne. Ba ka faɗin sunansa, ba ka ɗaukarsa, ba ka kallonsa in da mutane. In baƙo ya tambaye ka 'ya'yanka nawa, sai ka fara ƙirga daga na biyu.

Yayarku Ummi ita ce ta fari. Sunan mahaifiyata Inna aka sa mata, shi ya sa ake ce mata Ummi, kuma ran da aka yaye ta Inna ta zo da kanta ta ɗauke ta. Tun daga nan ta zama 'yar Inna. A ɗakinta take kwana, a ƙwaryarta take sha, ita ke cewa a yi mata kitso ko a bari. Ni ko Ummin ma ba na iya faɗa, sai dai in ce yarinyar nan. Akwai ran da ta faɗi kusa da rijiya ta fasa leɓe, ina tsaye da guga a hannu. Na wuce ta kamar ban gani ba, na je na ce wa matar Yaya Buba, wana, wai ana kuka a bakin rijiya. Da yamma na ji Baffa yana gaya wa wani baƙo cewa yaron nan Haro yana da hankali. Na ji daɗi a lokacin. Ina gaya muku ne don ku san ba a marar kunya aka haife ni ba, na iya abin sarai, na ma fi Buba iyawa.

Shekarar da Ummi ke cikin ta uku, da bazara, na ɗauki wani maƙwabcinmu a babur zuwa asibiti a Funtua, ƙafarsa ce ta kumbura. Muna jiran a kira shi na leƙa wani ɗaki. Yara ne kwance har ƙasa, jiki duk ya feso, idanu sun liƙe da kwantsa, baki ya yi gyambo. Abin da ya fi tsaya mini shi ne ba sa kuka, numfashi kawai suke ja kamar ɗan maraƙin da aka tsamo daga ruwa. Wata malamar asibiti ta ce mini ƙyanda ce, tana bin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye ni ko an yi wa namu allurar rigakafi. Na ce wa zai yi musu? Ta ce ai kyauta ce, a kawo su kawai. Na dube ta na yi dariya. A kawo su a kan me? Matar da za ta tatsi nono ta dama fura ta ɗauki ƙwarya ta yi tafiyar rabin yini, ita ce za ta ɗebo yara ta zo ta bi layi, a ce mata yau ba ranar allura ba ce ta dawo jibi?

Daga ranar na maƙale wa ƙaramin asibitin da ya fi kusa da mu. Kada ku ɗauka su ma salihai ne. Yau su ce ba hanya, gobe su ce ba mai, jibi wani mai tumbi ya ce ai mutanen daji ba sa karɓa, ɓata lokaci ne. Na ce masa yaushe ka zo muka ƙi? Ya kama danna waya. A cikinsu mace ɗaya ce ta saurare ni, Malama Talatu, wata gajeruwa mai faɗa. Ta ce za ta zo, amma sau ɗaya, kuma ba za ta kai la'asar ba, don hanyar ba ta da tabbas da yamma a shekarun nan. Ta ce in na tara mata yara ta gode, in kuwa ta tarar da inuwa wayam kada in ƙara tako mata ofis.

Na samu Baffa yana gyaran igiyar turke na gaya masa. Bai ɗago ba.

“Su zo. Inuwar ɗorawa ta Allah ce. Wanda ya ga dama ya kai nasa.”

Inna tana bakin ɗakinta tana wanke ƙwarya, ta ji mu.

“Ban da ɗakina,” in ji ta.

Ba wai tana cikin masu cewa an sa wani abu a allurar ba ne, waɗannan zantukan na 'yan gari ne masu rediyo. Ita Inna ko sunan ciwon ba ta faɗa, baƙo take ce masa, baƙon dauro. A wurinta baƙo ne da dole ya sauka a kan kowane yaro, a rufe ɗaki, a ba shi jiƙo, a lallaba shi ya fito waje ya tafi. In aka tare masa hanya da ƙarfe sai ya koma ciki ya yi ɓarna. Ta yi jinyarmu duka a haka, ni da Buba da sauran. Biyu daga cikinmu ba su tashi ba, amma wannan a wurinta kwana ne ya ƙare. Ba muguwa ba ce, ku riƙe wannan. Duk rugar ba wanda ke son Ummi kamarta.

Suka zo da hantsi a kan babura biyu, Malama Talatu da akwatin ƙanƙara a cinya, da wani saurayi ɗan gayu da aka haɗo ta da shi wai tafinta, don an ce musu mutanen ruga ba sa jin Hausa. Ya tsaya gaban tsofaffi ya gyara murya ya saki Fulatancin da ban san inda ya koyo shi ba. Tsofaffi suka dubi juna. Kawu Jaɓɓe, ƙanen Baffa, ya ce masa,

“Yaro, in kana jin Hausa ka taimake mu da ita, rana tana yi.”

Aka yi ta dariya, har Malamar. Dariyar nan ta yi aiki fiye da duk yawon da na yi. Mata suka fara fitowa da yara, wasu don allurar, wasu don su ga ɗan gayun. Ba duka suka fito ba, amma an samu layi. Ni ina ta kai da kawo, ina riƙe wannan ina lallashin wancan, 'ya'yan mutane. Har Buba yana tsokanata wai a ba ni farar riga.

Na je ɗebo wa baƙi ruwa sai na tarar da uwarku a bayan ɗaki tana kaɗa nono. Lokacin tana da cikin Sani, mai bi wa Ummi. Ita kunyarta ta ninka tawa, ko hanyar da Ummi ke wasa ba ta bi. Ba ta dube ni ba, ba ta daina kaɗawa ba, ta ce a hankali kamar da ƙwaryar take magana,

“'Yar Inna ba ta cikin layi.”

Tun da aka yaye yarinyar ban taɓa jin ta ambace ta ba sai ranar.

Na bi hanyar da ta dace tukuna, don kada wani ya gaya muku ban bi ba. Na ja Buba gefe na ce ya roƙi Inna, shi ai kawu ne, bakinsa a sake yake. Ya ce shi nasa ma bai kai ba, zai je ya jawo wa kansa zagi a kan na wani? Na je da kaina na durƙusa a ƙofar Inna.

“Inna, baƙin nan sun kusa tashi.”

“Allah ya kai su lafiya.”

“Na ce ko za a kai yarinyar nan.”

“Wace yarinya? Kana da ajiya a ɗakin nan ne?”

“Inna, na ga abin nan da idona a Funtua.”

“Ni a cinyata na gan shi, kai ma a nan ka yi naka. Tashi ka ba ni wuri, Haro, kada in ji kunya a madadinka.”

Na tashi. Na koma gindin ɗorawa na tarar layi ya ƙare, Malama Talatu tana duba kwalbar da ta rage. Ta ce wadda aka riga aka haɗa ba ta ajiyuwa, in ba sauran yaro za ta zubar ta kama hanya. Na tambaye ta yaushe za su dawo. Ta ce in tambayi mai tumbin nan. Na ce ta ba ni ɗan lokaci.

Ban tsaya tunani mai tsawo ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar na yi istihara ba. Ɗakin nan na Funtua kawai nake gani. Ummi tana bayan ɗakin Inna tana zuba ƙasa a murfin kwano. Na sunkuya na sure ta. Ta ƙwala ihu, don a wurinta ni wani mutum ne da ke wucewa da sanda. Ta yi ta zillo tana dukan fuskata, ni kuma ban iya riƙon yaro mai zillo ba, sau biyu tana neman suɓucewa. Sai na warware rawanina, na jefa ta a baya na ɗaure kamar yadda na ga mata suna yi. Goyon da kuke ji ke nan. Da shi na ratsa tsakiyar ruga, kaina ba rawani, mata suna rufe baki, Inna a bayana tana kiran sunana da muryar da ban taɓa ji ba.

Baffa yana zaune kan buzu a gindin ɗorawa tare da tsofaffi. Ya bari har na iso gaban Malamar.

“Haro.”

Na tsaya.

“Sauke 'yar mutane ka mayar inda ka ɗauko.”

“Baffa, duk shekara kai kake aika ni in kira mai allurar shanu. Ko maraƙi ba ka bari a tsallake.”

“Shanu nawa ne, shi ya sa. Wannan ta wa ce?”

Ya san abin da ya yi. Tambaya ce da ya tabbata ba ni da bakin amsa ta. Duk wanda ya tashi a rugar nan zai sunkuyar da kai ne ya kwance goyo, magana ta mutu. Na ga Kawu Jaɓɓe yana yi mini alama da ido in bari. Malama Talatu ta tsaya da allura a hannu tana kallonmu, ta ce ita ba ta taɓa yaro sai da izinin mai shi.

Na ce, “'Yata ce.”

Ba da ƙarfi na faɗa ba, amma ba wanda bai ji ba. Wata tsohuwa ta yi salati.

Na kwance ta na zauna a ƙasa na matse ta a cinyata. Malamar ta ce mene ne sunanta na yanka. Ɗan gayun nan, Allah ya saka masa, ya gane inda aka nufa, ya yi sauri ya ce Malama a sa Ummi kawai. Amma bakina ya riga ya buɗe.

“Rakiya.”

Sunan uwata, a gaban mijinta, a gaban ƙannensa, a gaban baƙi. Baffa ya tashi ya naɗe buzunsa da kansa, bai bari kowa ya karɓa ba, ya tafi. Tsofaffi suka bi shi ɗaya ɗaya. Aka yi wa Ummi allura a dantse, aka shafa mata tawada a ɗan yatsa. Abin da aka yi duk wannan tashin hankali a kansa bai kai tsawon shan ruwa ba. Malama Talatu ta rufe akwatinta, ta dube ni ta ce Allah ya raya. Ba ta san me ta bari a baya ba, kuma ban ga laifinta ba.

Washegari da safe na fito na tarar da ƙunshi a ƙofar ɗakina. Kayan Ummi ne, 'yan rigunanta, da ƙaramar ƙwaryarta, da layar wuyanta. Ita kanta tana zaune a kai. Inna tana tsaye nesa kaɗan.

“Tunda taka ce, ga abarka.”

A wurinmu ba a mayar da ɗan riƙo. Ko zagin uwa bai kai wannan ba. Ummi, wannan ɓangaren naki ne, don na san abin da kike gaya wa ƙannenki, cewa ni na raba ki da kakarki. Ba ƙarya kika yi ba. Kullum gari ya waye sai ki tafi ƙofarta da gudu, ita kuma ta juya ki ta kafaɗa ta turo ki, ta shige ta saki labule. Ina jin kukanku ku biyu, ke a waje ita a ciki. Kin ƙi cin abincin uwarki har kika rame. Ni kuwa Baffa ya daina cin tuwo da ni, in na yi sallama sai ya amsa wa iska. Samari suka samu abin yi, in na wuce da shanu sai wani ya ce Mai Goyo, yau ba a tafi da jaririya ba? Buba da kansa ya ce in zo matarsa ta koya mini ɗaurin zane.

Kafin ruwan farko baƙon Inna ya iso. Ba zan lissafa muku waɗanda aka kai makwanci ba, 'ya'yan 'yan'uwana ne, na yi musu wanka da hannuna, kuma ba don in ci gardama nake wannan rubutu ba. Ɗan Buba na tsakiya ya tashi, amma kun san yadda idonsa na hagu yake. Ummi ko zazzaɓi ba ta yi ba. Tana yawo tsakar ruga ita da sauran da suka bi layi, ɗakuna a rufe ta ko'ina. Kuna tsammanin wani ya zo ya ce Haro ashe da gaskiyarka? Cewa suka yi jiƙon da Inna ta daɗe tana ba ta ne ya tsare ta. Wasu ma suka ce baƙin da na jawo su suka buɗe wa ciwon hanya. Mutanenmu ke nan. Za su yafe maka in ka yi kuskure, amma ba za su yafe maka ba in ka yi daidai ba da izininsu ba.

Bayan an yi girbi Baffa ya aiko Kawu Jaɓɓe. Ya ce an ware mini shanuna, in nemi wuri, ruga ɗaya ba ta ɗaukar masu magana biyu. Ban roƙa ba. Da na je na durƙusa na ce na tuba, na san zai bar ni, kuma yau da ni ne a kan buzun nan ba Buba ba. Amma tuba daga me? In ce ba 'yata ba ce? Na sayar da rabin shanun na sayi fegin nan da kuka tashi a ciki, sauran kuma ba su ji daɗin gefen gari ba, suka ƙare a hankali. Daga mai garke na koma mai riƙe wa wasu igiya a kara. Baffa ya rasu bai tako gidan nan ba. Na je jana'iza, aka matsa mini a sahu kamar baƙo.

Akwai abu ɗaya da ba wanda ya sani, don ni kaɗai na ji shi. Ran da za mu tashi, an gama ɗora kaya a amalanke, uwarku da cikinta ya tsufa tana zaune a sama da Ummi, na je yi wa Inna sallama. Tana cikin ɗaki, ta ba ƙofa baya, tana jera ƙore. Na durƙusa na ce za mu tafi. Ta ci gaba da jera ƙorenta. Na yunƙura zan tashi.

“An ce can asibiti kusa yake.”

“Kusa yake, Inna.”

“Wanda ke cikin nan in ya zo, kada ka zauna jiran sai sun biyo ka.”

Na ce to.

“Ita kuma ba ta son fura da tsami. Ka gaya wa uwarta.”

Ba ta juyo ba. Ba ta kuma sake faɗin wannan magana a gaban kowa ba har ta koma ga Allah, ko da ana zagina a gabanta. Ni ma ban tona ta ba tana raye, don ita a rugar za ta ci gaba da zama. Sani yana da kwana kaɗan a duniya na kai shi allura asibiti da kaina, haka kowannenku, ba wanda ya tsallake ko ɗaya. Ummi, yau ke ce kike karanta wa ƙannenki wannan takarda da idanunki biyu. In kin gama ki ci gaba da fushinki, kina da hakki. Ni dai na samu abin da na fita nema.